Jarkunan Irin Wake da Dakta Rabi Ta Bari

Yau Alhamis, kwana arba'in da ɗaya da rasuwar Dakta Rabi. Na tashi da tarin nan da ya ƙi sakina tun farkon damina, ƙafar hagu kuma ta kumbura har takalmi ba ya shiga. Ina zaune a zaure ina jiran baƙo, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da ke cina kafin ya iso.

Maƙwabcina Bulus ne ya kawo mini labarin rasuwarta. Ya dawo daga kasuwar Zakirai, ya jingine kekensa, ya tsaya bai tsokane ni ba kamar yadda ya saba. Ya ce, "Malam Idi, 'yarka ta tafi." Allah bai ba ni haihuwa ba, amma ban tambaye shi wacce ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni tsohon malamin gona ne. Rabi ta zo hannuna tana ɗaliba, an turo ta koyon aiki. Daga baya ta zama dakta a binciken tsirrai, ta yi girma a cibiyarsu ta birni. Duk da haka kowace damina sai ta kwaso matasan masana kimiyya da aka ɗauka sababbi, ta kawo su gonata su yi mako biyu. A takarda sunan abin horon shugabanci da sanin makamar aiki. A ƙasa kuwa, ranar farko kowa zai tsaya gaban manoma ya faɗi abin da yake bincike ba tare da kalmar Turanci ko ɗaya ba. Na ga masu digiri biyu suna zufa a inuwa. Takan ce musu, "In Inna mai ƙosai ba ta gane ba, kai ma ba ka gama ganewa ba. Sake." Kullum kuma mutum ɗaya ne shugaban aiki, gobe a ba wani.

Ranar da shugabanci ya faɗo kan wani yaro mai suna Nura, ba na mantawa. Yaro ne mai kaifin kai da gaggawa. Aka ce ya auna filin gwaji. Ya ja igiyar awo, ya ga layin gamba ya karkace ya hana filin daidaita, sai ya sa leburori suka tuge shi tas. Wanda ya tashi a nan ya san gambar nan ba ciyawa ba ce kawai. Ita ce iyaka tsakanin gonata da ta Bulus, kakanninmu suka dasa ta, kuma a ƙasar da gona ke manne da gona, taku ɗaya yana raba zumuncin shekara ɗari.

Bulus ya iso da fartanya a kafaɗa. Ya dubi ramukan, ya dubi Nura, ya ce, "Malam Dakta, wannan igiyar taka ta san kakana ne?"

Nura ya fara bayanin mita. Rabi ta shiga gabansa, ta durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta ce, "Baba Bulus, ni na kawo shi, ni ce ban gaya masa ba. Laifina ne."

Ba ta yi masa faɗa gaban leburori ba. Da aka watse ta kira shi gindin gawo, ina jinsu. Ta ce, "Mutum shida suka tuge gambar nan, duk sun san mece ce, ba wanda ya ce maka uffan. Ka tambayi kanka dalili. Tun safe ba ka gaishe su ba, ba ka san sunan ko ɗaya ba." Washegari Nura da hannunsa ya mayar da kowane tushe, Bulus na binsa yana nuna wuri da yatsan ƙafa, yana cewa, "Matsa kaɗan, Dakta, kar ka ba Malam Idi gadona." Da suka gama suka ci tuwo kwano ɗaya. A rahoton shekarar Rabi ta sa sunan Nura gaba da nata. Ta nuna mini, ta ce, "Baba, nawa sunan ya ƙoshi."

To, Nuran nan shi aka ba kujerarta. Kuma ga abin da ya hana ni barci. Na ji a rediyo cewa horon bana an sa masa sunanta don girmamawa, za a yi shi kwana uku a wani otal a birni, a raba takardar shaida. A otal. Wace iyaka ce a otal da mutum zai tuge ya koyi kunya? Wane lebura ne zai yi masa shiru har ya gane bai iya da mutane ba? Matar da ta durƙusa a laka saboda ɗan wani, an rubuta sunanta a ƙyalle an rataye, an kashe abin da ta gina tun ƙasar kabarinta ba ta bushe ba. Da sun bar sunan sun riƙe aikin, da ya fi mata. Ni ba na ƙin ɗaki mai sanyi, na wuce shekarun hassada. Abin da nake ƙi shi ne a tara yara a gaya musu sun zama shugabanni alhali ba wanda ya taɓa ba manomi haƙuri a cikinsu.

Akwai amana a ɗakina. Jarkuna bakwai ne na tsohon irin wake da ta bi tsofaffin mata ta tara, daga nan har Tofa da ƙauyukan Watari, wasu masu shi sun rasu. Akwai littafinta mai baƙin bango da ya faɗi kowanne daga hannun wa ya fito. Yaran horo ne ke shuka su duk shekara don kada irin ya mutu. Bara tana kwance, ba a shuka ba. Iri ya riga ya kwana biyu a jarka, in ya sake shekara ba na ce zai tsiro ba. Gero ya kai gwiwa, lokacin sa wake ya yi, bai fi kwana goma ya rage ba. Ni kuwa ko buta sai na huta kafin in ɗaga.

Ranar sadakar uku na kama hannun Nura na gaya masa maganar jarkunan. Ya ce, "Baba, an sauya tsari ne daga sama, amma zan zo." Na ce, "Ita ma tana da na sama." Ya sunkuyar da kai. Shekaranjiya ya aiko cewa yau Alhamis da hantsi yana tafe.

Allah ya jiƙan Rabi, ya yafe mata, ya sa ƙasar da ta yi wa hidima ta yi mata sauƙi. Allah ya haskaka kabarinta, ya karɓi durƙuson nan nata a cikin ayyukanta na alheri. Allah ya ba maigidanta da 'ya'yanta da tsohuwarta haƙuri, ya raya abin da ta bari. Waɗanda suka gaji kujerarta kuma Allah ya tuna musu inda suka koyi zama a kanta. Amin.

An yi la'asar yanzu. Bulus ya leƙo, ya ce in ruwa ya sauka gobe zai sa waken kowace jarka layi ɗaiɗai a gefen gambar nan, sai dai shi bai yi boko ba, ni kuma idona ba ya ganin ƙananan rubutunta, ba mu san wanne ne wanne ba. Na ce ya shuka haka. Tabarmar da na shimfiɗa tun safe na naɗe ta. Nura bai zo ba.