Damin dawar da ake kai wa yayana

Shekarun baya, lokacin da ƙaramar hukumarmu ta samu sabon ciyaman mai son aikin da ake hangowa daga bakin titi, muka wayi gari da wasu mutane suna jan igiyar awo a filin firamaren tsakiyar garinmu. Shagona yana kallon filin. Ni hatsi nake saye a kasuwannin ƙauye ina kaiwa Funtua, kuma duk wanda ya yi wannan sana'a ya san ba a yarda da bakin buhu, don sau da yawa sama masara ce tas, ƙasa kuwa tsakuwa. Halin nan ya bi ni har gida. Matata takan ce ko ruwa ta ba ni sai na leƙa gindin kofin. Don haka da na ga masu awo ban jira bayanin kowa ba, na ce ruwa ba ya tsami banza.

Bayanin ya zo ranar Juma'a daga bakin kansilanmu. Ya ce za a haɗe makarantarmu da ta Sabuwar Unguwa, can bayan tsohon wurin gurzar auduga, inda mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka suka zauna tare da wasu Fulani da suka daina yawo. Can akwai sabbin ajujuwa amma babu malamai, nan akwai malamai amma bango ya tsattsage. In an kwashe yaranmu an kai su can, in ji shi, kowa ya huta. Wani ya tambaya me za a yi da tsohon filin, ya ce za a raya shi. Da aka matsa, rayawar ta zama shaguna hawa biyu da wurin ajiye motoci. Na tambaya wa za a ba shagunan, ya ce kwamiti zai duba. Na tambaya su wa ke cikin kwamitin, ya ce ba a kafa ba tukuna.

Gari ya ɗauki surutu. Da yawa sun ƙi, amma ba duka ne don Allah ba. Akwai masu cewa ba za su bar 'ya'yansu su zauna benci ɗaya da yaran da ba a san iyayensu ba, alhali iyayen nan su ne ke yi musu girbi, matansu ke kawo musu nono kullum safe. Su ma ban yarda da su ba. Ni damuwata mahaifiyata ce.

Gidan Inna katanga ɗaya ce ta raba shi da makarantar. Filin kansa gonar mahaifinta ce, ya ba da ita aro tun zamanin da ake roƙon mutane su kai yara boko, kuma a rabon gado Inna ce gonar ta faɗo wa. Abin dariya, ya ba da fili amma bai sa 'yarsa a makarantar ba. Ta bayan katanga ta haddace waƙoƙin 'yan makaranta, har tsufanta da ƙararrawarsu take sanin lokacin ɗora girki. A wajenmu in ka ari gona, kowace kaka sai ka kai wa mai ita dami ɗaya, don kada a manta ta waye. To makarantar tana da ɗan gefe da yara ke shuka dawa, kuma duk shekara hedimasta yakan aiko wa Inna da dami. Mukan yi mata dariya, don ko kajin gidan ba zai riƙe ba. Ita kuwa sai ta fito da kanta ta ɗora hannu a kansa, ta sa a sussuke shi daban.

Ana cikin haka yayana ya zo shagona. Shi ne ɗan farin Inna, mutum mai sanyin baki, siminti da kwanon rufi yake sayarwa. Na san mai karatu ya riga ya ɗaga gira, amma ni mai leƙa gindin kofi ban ga komai ba. Ya zauna a kan buhu ya ce, "Kai da kake ta hayaniya, ka manta da damin Inna? Filin nan aro ne, gwamnati ba ta da iko da shi. Ka tashi a taro ka faɗa, ni ka san ba ni da baki." Na ji kamar an miƙo mini sanda ina tsakiyar faɗa. Har godiya na yi masa.

Ranar taron ciyaman ya zo da kansa, aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiyar makarantar. Na sa babbar rigata, na miƙe na zayyana tarihin gonar tun daga kakana, na kira dagaci shaida, na kira tsohon hedimastan da ya yi ritaya. Duka suka tabbatar cewa dami bai taɓa fashi ba. Na zauna ina jiran in ga fuskar ciyaman ta ɓaci. Sai mutumin nan ya yi murmushi har kunne, ya sa dagaci ya maimaita a gaban jama'a cewa fili aro ne, sannan ya ce mini, "Allah ya yi maka albarka, Alhaji, ka sauƙaƙa mana aiki." Mutane suka yi ta ba ni hannu, wasu har suna cewa in fito takara.

Na koma gida ina ta juya murmushin ciyaman a raina. A kasuwa in ka taya kaya mai shi ya sallama tun tayin farko, ba murna ake yi ba, zazzage buhun ake yi.

Wani abokina da ke aiki a ofishin ilimi na ƙaramar hukumar shi ya zazzage mini. Mun haɗu a kasuwar Danja, na ja shi gefe na ce ya gaya mini abin da ya sa ciyaman murmushi. Ya daɗe yana kallona kamar mai tausayi, sannan ya ce in da filin na gwamnati ne, ba a isa a mai da shi shaguna ba sai da izinin gwamnatin jiha a Katsina, kuma sun nema an yi ta ja musu rai. Amma tunda aro ne, ranar da aka kwashe yara ya koma hannun masu shi, masu shi kuwa suna iya yin ciniki da wanda suka ga dama. Abin da ya rage musu kawai shi ne wani daga cikin gidan ya tashi a bainar jama'a ya ce aro ne, kuma ya kasance wanda kowa ya san ba ya shiri da su. Na ce ai masu shi ba za su yarda ba. Ya ce, "Wa ya tuna maka da damin?"

Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa.

Yayana bai musa ba da na same shi. Ya ce an yi masa alkawarin shagunan bakin titi don gidanmu gaba ɗaya, kuma a wajensa za a sayi siminti. Ya ce makarantar nan ko ba jima ko ba daɗe sai an tashe ta, gara mu fita da wani abu da mu fita hannu rabbana, ga 'ya'ya sun yi mana yawa, ga Inna ta tsufa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganarsa ba ta rasa kan gado ba. Na tambaye shi me ya sa bai faɗa da bakinsa ba, ya ce in shi ya faɗa za a yi zargi, ni kuwa kowa ya san ni ne sarkin zargin.

Na je wa Inna da maganar ina jan ƙafa, don kai ƙarar ɗan fari wajen uwa aiki ne. Tun da nake ban taɓa jin ta kira sunansa ba, sai dai ta ce babbanku, kuma ko gaishe ta ya zo yi kanta a sunkuye take amsawa. Na faɗa mata komai. Ta ce, "To." Can kuma ta tambaye ni ko an yanke dawar makaranta. Na fito raina a ɓace, na ce shi ke nan, kunyar ɗan fari za ta cinye makarantar. Ko uwar da ta haife ni ban bari ba, sai da na zarge ta.

Bayan 'yan kwanaki aka zo neman yardarta da hantsi: kansila, dagaci, limamin unguwa, yayana da ni. Muka zauna a zaure, ita tana daga bakin ƙofar ciki da mayafinta. Kafin a fara magana ta sa aka fito da tuwon dawa da miyar kuka, ta ce ba a magana da yunwa. Kowa ya wanke hannu, har ni da ke cika ina batsewa. Bayan an ci kansila ya gyara murya ya shiga zuba zuma. Ya kira ta Hajiya tun ba ta je ba, ya ce ai kujerar Makka ma ciyaman ya ce a gaya mata tana nan, ya ce jikokinta za su gaji shaguna maimakon kango.

Ta bar shi ya gama, sannan ta tambaya ko tuwon ya yi daɗi. Suka ce ƙwarai.

Ta ce, "Na damin makaranta ne na bana, ni na aika aka kawo shekaranjiya. Wanda ya karɓi dami ya ci, ya sabunta aro. Ga shi kuwa duk kun taya ni ci."

Dagaci ya sunkuyar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa, ya ce haka al'ada take, babu mai tayar da aro sai wata kakar. Kansila ya kalli hannunsa kamar zai mayar da abin da ya ci. Da ya farfaɗo ya ce to ai shekara ɗaya ce, za su jira baɗi. Sai Inna ta juya wajen liman ta ce, "Malam, ka shaida, na mai da filin nan waƙafi don karatun yara. Ba na gwamnati ba ne, ba na 'ya'yana ba ne. Yaran Sabuwar Unguwa kuma a kawo su nan, a gyara bangon, a ƙara aji, amma a bar inda za a shuka dawa."

Kansila ya ce mutanen gari da yawa ba sa son a cakuɗa musu yara da baƙi. Ta ce, "Ni a bayan katangar nan na girma ina jin ana karatu. Ba zan bar ɗan wani a bayanta ba."

Liman ya karɓi shaida, amma ya tuna mata cewa in fili ya zama waƙafi ba aro ba ne kuma, don haka maganar dami ta ƙare. Ta ce a'a, dami ya ci gaba da fita. Tana raye a kawo mata, in ta mutu a riƙa kai wa babbansu har ƙofar gidansa, yara su ɗauka da rana tsaka. Ba ta kalli yayana ba, ba ta kira sunansa ba, ba ta ce ya yi laifi ba.

Daga baya an haɗe makarantun, amma a cikin gari. Wasu sun cire 'ya'yansu sun kai makarantar kuɗi, yawanci sun bari, kuma yaran ba su ɗauki lokaci ba suka fara faɗa da shiri irin na kowane yara. Shagunan an gina su a tsohuwar tasha, kuma ciyaman ya yi ta yawo yana cewa haɗin kan da aka samu dabararsa ce. Har gobe ina zargin akwai abin da ya ci a gyaran bangon, sai dai ba ni da shaida.

Abin da na koya bai yi mini daɗi ba. Na ɗauka zargi katanga ce, ashe wanda ya san halinka yana iya kama ka ta nan ya ja ka inda yake so. Ban daina ba dai, tsufa ya zo mini da abina. Amma na daina ɗaukar kaina mafi wayo a gidanmu, don tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta ce "to" kawai, ta tafi ta ɗora tukunya.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ina kewarta sosai, musamman in an kaɗa ƙararrawar tara na ji babu mai cewa a duba wuta. Duk kaka yaran makarantar sukan ɗauko dami su ratsa kasuwa da shi, 'yan cikin gari da 'yan Sabuwar Unguwa, ba ka bambance su sai sun yi magana. Ni kuma nakan rufe shago in bi bayansu daga nesa, don in gani da idona ko zai karɓa. Ni da shi ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Bara na iso na tarar ya riga ya fito yana jiransu a ƙofar gida. Da suka sauke ya ɗora hannu a kan damin yadda Inna take yi, ya daɗe bai ɗauke ba. Sannan ya ɗago ya hango ni a gindin bishiya, ya ce, "Ƙaraso mana, ka gani da kyau, na karɓa." Da yamma matarsa ta aiko mini da tuwon. Na cinye shi tas, ban leƙa gindin kwanon ba.