Malam Zayyanu da Goɗiyar Ɓawon Albasa

Kullum da safe, kafin ya hau kekensa zuwa makarantar firamare da ke gefen Shagari, Malam Zayyanu yakan ɗora 'yar tukunya a murhu. Ba koko ba ne a ciki, ɓawon albasa ne, don da ruwansa yake yi wa dawakinsa launi. Dawakin kuwa duk na takarda ne. Kwalin sabulu yake yankawa, ya zana, ya ɗinke da basilla, littafin yara ya fito. Matarsa Hasiya ta yi faɗa a kan tukunyarta har ta gaji ta bar masa. A ƙarshen watan nan zai ajiye alli, bayan shekara talatin da biyar.

Abokan aikinsa ba su manta da shekarar da aka kawo Daso ajinsa ba. 'Yar shekara bakwai ce, 'yan bindiga suka tashi rugarsu, danginta suka sauka a Lambara. Tun ranar gudun ba wanda ya ƙara jin muryarta. Kakarta ta ce in zango ya ƙare a haka, za ta cire ta daga makaranta ta zauna kusa da ita. Malam ya san in ta fita, ta fita ke nan.

Sai ya zana littafi a kan wata goɗiya da ta tsere da mutanen gidansu lokacin yaƙi. To, shi ɗan manoman albasa ne daga Boɗinga, bai taɓa riƙe ragamar doki ba. A shafin farko ya zana goɗiyar da ɗan duƙushinta a turke. A shafin gudu ya zana ta ita kaɗai, ya manta da ɗan sam.

Yana nuna wa aji, Daso ta taso ta ɗora yatsa a kan hoton.

"Malam, ba hakanan na ba. Ina ɗanta? Goɗiya ba ta tahiya sai an sa ɗan gaba. Tamu ma sai da Baffa yak koma yak kwanto shi."

Hawaye ya cika wa Malam ido, amma ya daure ya miƙa mata fensir.

"Ashe kin kama ni, ɗiyata. Gwada mani inda za shi tsayawa."

Ta zana duƙushin a gaba, ta zana mutum riƙe da igiyarsa. Daga baya kakar ta gaya wa Malam cewa duƙushin ya iso, baffan bai iso ba. Ba ta ƙara maganar cire yarinyar ba.

Tun ranar, kowane littafi ya yi sai ya bar kuskure ɗaya da gangan, yara su yi ta kama shi suna dariya. Ni kam ban ga malamin da ke jin daɗin a ƙaryata shi kamar wannan ba.

Kai ne malamin da yara ke yi wa gyara, Zayyanu mai dawakin kwali. Kai ne ka ji ɗiyar mutane ta ce ka yi kure, ka ba ta fensir maimakon bulala. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya sa hutun ya yi albarka.

Ku kuma matasan malamai, kwali da ɓawon albasa ba su ƙare a garin nan ba, ku ɗora daga inda ya tsaya. Littafin goɗiyar dai kada ku nema. Yana wajen Daso, wadda yanzu ke sakandare, kuma shafin baffanta ne ya fi kowanne shan hannu.