Ɗanyen Hoton Baba

Mahaifinmu bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, in ban da na fasfo da ya yi don aikin hajji, shi ma ruwan wata damina ya cinye shi a cikin akwati. Mahauci ne a mayankar Oko-Oba. Da na buɗe shagon hoto kusa da titin jirgi a Agege, cewa ya yi Allah ya sa albarka, amma in bar masa fuskarsa.

Bayan sojoji sun koma bariki da kamar shekara biyu, yayana, wanda ke tuƙa tanka a Apapa, ya kawo mini wata kyamara da ya samu a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa. Ba ta cin fim, sai wani ɗan kati da ake cusa mata a gefe. Babu kwali, babu faifan da ya kamata ta zo da shi.

Ranar sunan ɗiyar yayan nawa na fara fita da ita. Baba yana zaune kan tabarma da jaririyar a cinyarsa, ya ga mutane sun yi cincirindo suna kallon kansu a ɗan gilashin bayanta.

"Kai, wannan kuma wane irin madubi ne?"

Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya gyara hularsa. "To, ɗauki ɗaya. Ɗaya fa na ce."

Ina dannawa jaririyar ta yi atishawa, ya kece da dariya. Haka hoton ya kama shi, bakinsa buɗe. Kafin damina ta ƙare ya faɗi a mayanka, aka kawo shi gida, bai sake magana ba har ya rasu.

Bayan sadakar arba'in Inna ta ce in wanko mata hoton, babba, irin na jingina wa bango. Na hau bas ɗin haya, danfo, zuwa Ikeja, wajen wani Bayarabe mai gyaran kwamfuta. Ya sa katin, ya danna, ya sake dannawa, hoton ya ƙi buɗuwa.

"Oga, ɗanye ne," ya ce mini da Yarbanci. Wai mai kyamarar na farko ya saita ta ne tana ajiye hoto kamar fim da ba a wanke ba, sai an samu manhajar da ta san yarenta.

Daga nan na shiga yawon kasuwar kwamfuta. Kowane shago da abin da zai miƙo mini, faya-fayai marasa suna an rubuta musu lamba da biro. Wani ya rantse cewa nasa babu hoton da ba ya buɗewa. Muka gwada, sai ga wani kore-kore da layuka, kamar atamfar da ta zuba. Wani kuma nasa na wata kyamara ce daban, ko kallon katin bai yi ba. Wani ya ce in je gidan intanet in sauko da ta asali. Na yi kwanaki ina zuwa, ina kallon ɗan layin nan mai nuna saukar manhajar yana rarrafe, sai ya kusa rabi wuta ta ɗauke. Ranar da ta sauka gaba ɗaya kuwa, ta nemi lambar da ke jikin faifan da ban taɓa gani ba.

Kullum na dawo, Inna tana bakin murhu, ba ta juyowa. "An samu?"

"Ana nan ana nema, Inna."

Da farko ina kunna mata kyamarar ta gan shi a gilashi, ta riƙe ta da hannu biyu. Daga baya batirin ya kumbura, irinsa kuma babu a Legas, har kasuwar Alaba na je.

A ƙarshe Bayaraben nan ya samo wata manhaja mai iya zaro ɗan ƙaramin hoton da kyamara ke nunawa, wanda bai fi kan sarki girma ba. Ya ce iyakar abin da zai iya ke nan, in na ƙi, sai in jira abin da bai san ranarsa ba. Na ce a zaro. Da muka faɗaɗa shi a takarda, fuskar ta farfashe ta zama ƙananan murabba'ai, hula ta haɗe da goshi, dariyar ta zama wani baƙin tabo.

Duk da haka na sa shi a firam na kai mata. Ta matso da shi, ta nisanta shi, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake.

"Rigar dai tasa ce," ta ce. Ta miƙo mini, ta koma ɗaki.

Katin na ƙulle shi a leda, ina jiran zamani ya kawo abin da zai buɗe shi. Inna ba ta jira ba, ta bi Baba. Sanda irin waɗannan manhajojin suka yawaita, har ana samunsu kyauta, na ciro shi, sai na tarar danshin Legas ya riga ni, ramukansa sun yi tsatsa. Mai gyaran da na kai wa ya jujjuya shi a tafin hannu, ya tambaye ni ko akwai wani abu mai muhimmanci a ciki.