Tsabobin da Ba a Huda Ba

Maigidana ya yi aiki a masana'antar sinadarai ta garin Saint-Fons, a nan Turai, har ƙarfinsa ya ƙare. Ba ya shan taba, mota ma ba ta dame shi ba. Abin da yake so shi ne tsofaffin tsabobin zinariya na Turai, ƙanana, wasu ba su kai farcen babban yatsa ba. In ya ɗan samu sarari sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ya dawo da guda ɗaya a naɗe cikin takarda.

Shi ya koya mini kallonsu. "Riƙe ta gefe, Hajiya, ba ƙosai ba ne." Ya nuna mini cewa da guduma aka buga su, shi ya sa bakinsu bai daidaita ba. Ɗaya tana da 'yar rana bisa kambin sarauta, wata kuma soja ne riƙe da damin kibau.

Bayan na fita takaba, auren 'yarmu ya taso. Yayar marigayin ta zo daga Stains, can gefen Paris, ta zazzage tsabobin a faranti.

"Zinariya a akwati kamar goro?" in ji ta. "A Damagaram wuya ake rataya wa. Akwai maƙeri a unguwarmu, zai huda su ya jera a sarƙa."

Ba mugunta ta nufa ba. Mahaifiyata ma da irin wannan sarƙar aka kai ta ɗaki. Amma na san ramin da maƙeri ya yi ba ya rufewa.

Na ce, "Yaya, shekaru ɗaruruwa suna yawo hannu zuwa hannu, ba wanda ya huda su. Ba a gidana za a fara ba."

"To, amarya ta fito da wuya fayau kamar zabuwa?"

Na shiga ɗaki na ɗauko sarƙar aurena da awarwarona, na ajiye a gabanta. "Waɗannan za ki kai wa maƙerin. Ya narka, ya yi mata sabuwa."

Ta jinjina su a tafinta. "Taurin kanku ɗaya da ƙanena," ta ce, sannan ta share ido da bakin mayafi.

Da sabuwar sarƙar aka kai 'yata. Da ta zo ganin gida Vaulx-en-Velin, inda nake zaune, ta ce in fito mata da tsabar nan mai 'yar rana. Ban gaya mata yadda ake riƙewa ba. Ta gefe ta riƙe ta.