Yadda Na Tura Haraji Hutu

Yara, ku nutsu, mai ilimi ne ke magana. Aji huɗu cur na yi a makarantar mishan, kuma da malamin lissafi bai tsane ni ba da na yi na biyar. Da wannan ilimi na kafa tebur kusa da tashar jirgin Kafanchan ina rubuta wa mutane wasiƙa. Laifina na farko ƙarami ne: a ce in gaida mutum uku, in ƙara biyu in caji kuɗin tawada.

Shekarar da naira ta kori fam, aka ce duk kamfanin da ya kafa masana'anta a karkara za a ɗage masa haraji na wasu shekaru, ya shigo da kayan aiki ba kuɗin fito. Hutun haraji ake kiran abin. Sai ga wani mai kwat ya sauko daga jirgin Ikko, muna ce masa Manaja. Bai ɓoye mini komai ba. Fili yake so da allo mai sunan kamfanin sarrafa citta, a ba shi takardar hutun, ya shigo da motoci ya sayar. Ya ce ni ne darakta. Ban san aikin darakta ba, amma sunan ya zauna mini daidai.

Na kai shi ƙauyenmu a bayan Kagoro. Bayan sujada ranar Lahadi dattawa suka zauna, Manaja yana Turanci ina fassarawa. Da na ce hutun haraji, kawuna Yohanna, dattijon ikilisiya, ya ɗaga hannu.

"Ɗana, haraji ne zai tafi hutu? Namu ɗin?"

Mu haraji ɗaya muka sani, wanda ake bi gida gida ana karɓa a kan kowane namiji, har mutum ya sayar da akuyarsa. Na san ba shi ake nufi ba. Na gyara wuyan riga na ce, "Kawu, sai ya shekara biyar bai dawo ba."

"To, Allah ya kai shi lafiya," in ji shi. Aka yi dariya. Shi ya fara dangwala yatsa, ya ba da fadamar cittarsa da ke ciyar da gidansa. Sauran suka bi.

Aka zagaye fadamar da waya, aka kafa allo. Inji ko ɗaya bai zo ba. Da kaka masu karɓar haraji suka iso, Kawu ya gaya musu cikin ladabi cewa ƙauyen na hutu. Kwana biyu ya yi a tsare da furfurarsa. Aka tono magana, Manaja ya ɓace, darakta ya tafi gidan yari shekara huɗu.

Da na fito na tuba, na durƙusa a gaban Kawu. Ya ce, "Na yafe maka, ɗana, haka aka koya mana. Gonar fa?"

Fadamar tana sunan kamfanin da babu shi, an ce sai mai shi ya zo ya sa hannu. Kawu ya rasu yana ƙodago a gonar wasu. Daga baya wani mai kamfani na gaske ya zo, dattawa na jin kalmar hutu suka raka shi har motarsa. Samarinmu suka watse Kaduna.

Shawarata ita ce, in kuka tsaya tsakanin mai Turanci da iyayenku, ku faɗa musu abin da ake nufi, ko da zai hana ku muƙami. Ban ce za ku ji ba. Ni ma an gaya mini, a coci ma, ina bencin gaba, amin ɗina ya fi na kowa ƙara.