Ranar da Bebe Ya Amsa Laifi da Bakinsa

Kowa a layin gareji ya san Bebe mai faci. Yana goye zazzaɓi ya tafi da kunnensa, baki ma ya bi sahu. Yayarsa tela ce ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, ita kaɗai ke gane duk zancen da yake yi da hannu. Ya girma a bakin titi tsakanin injin iska da bahon gwada tayoyi. Direbobi kan tsokane shi, wai duk layin shi kaɗai ne bai taɓa ce musu "dawo gobe" ba.

Wata safiya aka wayi gari an fasa shagon kayan mota da ke bayan rumfarsa. Da motar 'yan sanda ta tsaya, kowa ya ranta a na kare. Bebe yana sunkuye kan taya, bai san wainar da ake toyawa ba. Suka daka masa tsawa bai waiwayo ba, suka ce taurin kai ne, suka cusa shi a mota.

Kashegari yayar tana kan keken ɗinki ta ji a rediyo wai an cafke gawurtaccen ɓarawo mai fakewa da faci, ya amsa laifinsa da bakinsa, har ya lissafo abokan aikinsa. Ko takalmi ba ta tsaya nema ba ta nufi ofishin 'yan sanda.

"Yallaɓai, da wane bakin?" ta tambayi mai binciken. "Ni da na goya shi ban taɓa jin ya ce Yaya ba!"

"Baiwar Allah, a hannunmu kowa yana magana," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba.

Bebe ya sha watanni a gidan yari kafin a kai shi kotu. Mai binciken ya rantse, ya karanto jawabi tiryan-tiryan: wai Bebe ya ce shi ya ɓalle kwaɗon, ya ce shaiɗan ne ya zuga shi. Alƙali ya tambayi wanda ake tuhuma ko haka ne. Bebe yana can yana kallon fanka. Sai da likita ya zo ya tabbatar kurma ne tun yarinta, sannan ɗan sandan ya sosa ƙeya.

"Ya mai shari'a, nuni ya yi, mu muka fassara."

Aka sallami Bebe. Wanda ya rantse kan ƙarya kuwa ya gyara hularsa ya fita abinsa, rediyon ma bai sake tada zancen ba.

A bakin kotu Bebe ya ɗaga hannu zai gaya wa yayarsa abin da aka yi masa a ɗakin tambaya. Yatsu biyu sun karye sun warke a karkace. Ta zuba ido, ya maimaita, ya sake maimaitawa, ta kasa ganewa. Ta riƙe hannun.

"Allah ya isa," ta ce, da ƙarfin da duk masu gadin ƙofa suka ji.