Ƙashin Bayana a Kwamfutar Ɗan Kawu

Tun ina 'yar firamare bayana ya fara karkacewa, kafaɗar dama ta ɗara ta hagu. Da na girma na zama tela a unguwarmu a Daura, hijabi mai faɗi ya rufa mini asiri. In ba 'yan gidanmu ba, ba wanda ya sani.

Shekarar da ciwon ya hana ni zama a kan keken ɗinki, aka kai ni asibiti a Kano. Aka tura ni cikin wata na'ura mai kama da bututu, aka ɗauki hoton ƙasusuwana, aka ba mu a faifai. Ɗan kawuna, wanda ke karatun lissafi mai zurfi a jami'a, ya ce a ara masa. Inna ta miƙa masa da murna, a zatonta magani zai nemo.

Da Sallah ya zo gida. Bayan an ci tuwo, dangi cike da tsakar gida, ya buɗe kwamfutarsa a kan tabarma ya ce kowa ya matso. Sai ga ƙashin bayana tsirara yana juyawa a hankali, sumul kamar an goge shi da mai. Ya ce na'urar asibiti yanka-yanka take ɗaukar jiki, shi ya jera yankan, ya daidaita gefunan, sannan ya auna lanƙwasar kowane wuri. Inda ya miƙe ya sa shuɗi, inda ya tanƙware sosai ya sa ja.

"Ku dubi jan nan," in ji shi, fuskarsa cike da fara'a. "Wallahi ban taɓa samun lanƙwasa mai kyau irin wannan ba."

Gwaggo ta kwashe da dariya. "Ashe haka kike a ciki? Sai ka ce lauje!"

Na daure na ce, "Yaya, za a iya miƙar da shi?"

Bai ko ɗago ba. "Ni ba likita ba ne. Siffa nake aunawa."

Wata 'yar uwarmu ta ɗauki hoton a wayarta. Kafin a gama yawon Sallah, unguwa ta gani. Masu kawo ɗinki suka koma leƙen bayana in na sunkuya gwaji. Akwai wani mai sayar da hatsi daga Sandamu da ke zuwa zance wurina, har manya sun fara magana. Ya turo yayarsa da atamfa wai a ɗinka mata. Ta zauna tana kallona, ta ce in tashi in miƙo mata ruwa, ta bi ni da ido har randa. Ba ta dawo karɓar ɗinkin ba, shi ma ban sake ganinsa ba.

Bayan damina biyu ɗan kawun ya dawo, yana son a sake hoton don ya gwada da na farko. Na ce ba zan je ba. Inna ta ce, "Ɗan uwanki ne, kada ki ba ni kunya gaban kawunki."

Na je. Na sake kwanciya cikin bututun, hawaye na gangara cikin kunnuwana, ma'aikaciyar tana cewa kada in motsa. Da sakamakon ya fito, sai ɗan kawun ya kira Inna a waya, ina gefe ina jin muryarsa.

"Ya ƙara tanƙwarewa, Inna, daidai yadda lissafina ya nuna. Malamina ya ji daɗi ƙwarai."

Inna ta ce masa Allah ya yi albarka.